Hita da kurfoti: abin da na gani a ɗakin Inna a hunturun bana

Hitar lantarki mai fanka da kurfotin ƙarfe mai murfi, su biyun na sayo a Babbar Kasuwar Katsina saboda Inna, mahaifiyarmu, wadda ciwon gwiwa ke tasar mata da zarar ɗari ya sauko. Wanda ya san jaurar garin nan tsakanin Disamba da Janairu ya san yadda ɗakin siminti mai rufin kwano yake komawa da asuba. Da zan iya karɓo kuɗin hitar, da na karɓo. Kurfotin kuwa, ba kuɗinsa ne ke damuna ba.

Hitar tana aiki, ba zan zalunce ta ba. Kana kunnawa ɗumi zai bugo ka. Amma a jikinta an rubuta wat 2000, wato yunit biyu take sha duk awa. Waɗanda ke layin Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, tun daga Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200, ka ga awa guda ta cinye fiye da 400 ke nan. Mu da ba mu kan wannan layin, wutarmu ta fi sauƙi, sai dai a lokacin da ake neman ɗumin, daga ƙarfe uku na dare zuwa kiran assalatu, da wuya ka same ta. Ƙaramin janaretonmu bai kai wat 1000 ba, ana jona masa ita sai ya shaƙe ya mutu. Soket ɗin da muka ja mata ma sai da ya fara narkewa. Ga shi iskar hunturu dama a bushe take, hita ta ƙara busar da ita, Inna ta riƙa tashi da maƙogwaro a ƙafe.

Kurfotin ya fi ta nagarta nesa ba kusa ba. Aikin maƙera ne mai kauri, yana riƙe garwashi, ga ruwan alwala yana ɗumama a kansa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar mai sayarwa: "Alhaji, gawayi ai ba ya hayaƙi. Idan ya ruru ka shigar mata ɗaki ka rufe, har safe." Wannan magana tana iya kashe mutum. Garwashi, ko ya yi ja zur babu ɗigon hayaƙi, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, kuma mai barci ba ya jin shigarta. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mu kuwa muka bi maganarsa, da safe Inna ta ce mini, "Kai, ɗan nan, kaina kamar an aza mini dutse." Jikarta da ke kwana wurinta ma amai ta yi. Muka buɗe ƙofa da taga, muka fito da su tsakar gida, muka wuce asibiti. Allah ya kiyaye.

Za a ce ai kakanninmu da kasko suka yi jin ɗumi, kuma gaskiya ne. Amma ɗakinsu na ƙasa ne, asabari ne a ƙofa, iska na shiga tana fita. Ɗakin Inna na yanzu tagar alminiyom ne, da silin, da ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf. Kaskon bai canza ba, ɗakin ne ya canza, kuma masu sayar da kurfoti ba su faɗa wa mutane wannan.

Yanzu kurfotin yana rumfar tsakar gida, nan ake kewaye shi da hantsi da bayan magariba, kuma a nan ba ni da ƙorafi a kansa. Hitar tana cikin kwalinta. Abin da ya taimaki gwiwar Inna da dare shi ne bargo mai nauyi, da safa, da labule mai kauri a taga, da jakar roba ta ruwan zafi da na samo a kantin magani. Ana cika ta bayan isha'i, a naɗe ta da zane don kada ta ƙona fata.