Kamfanonin cike harajin Amurka ga mazauna ƙetare: inda suke da amfani da inda suke barin mutum a rana

Ba'amurken da ke shirin komawa Lisbon ko Dubai ko birnin Meksiko, abin da ya fi lissafawa shi ne kuɗin haya, kuɗin asibiti da sauƙin rayuwa. Ba kasafai yake sa hukumar harajin ƙasarsa, IRS, cikin lissafin ba, alhali ita ce za ta bi shi duk inda ya sauka. Amurka tana karɓar haraji ne bisa zama ɗan ƙasa, ba bisa inda mutum yake zaune ba, kuma ban da Eritiriya babu ƙasar da aka sani da irin wannan tsari. Ko mutum ya shekara 20 bai taka Amurka ba, muddin abin da yake samu ya kai mizani, dole ya cike fom 1040, wato fom ɗin harajin kuɗin shiga, kowace shekara. Mai takardar zama ta dindindin, wato Green Card, shi ma bai tsira ba. Wanda ya auri wadda ba Ba'amurkiya ba kuma yake cike nasa shi kaɗai, mizaninsa dala 5 ne kacal a shekara.

A kan wannan larura ce kamfanoni da dama suka kafa sana'a, kuma sun kasu gida biyu. Akwai masu manhaja ta intanet, irin su MyExpatTaxes da Expatfile, inda kai ne za ka amsa tambayoyi, manhajar ta cike fom ta aika. Akwai kuma masu haɗa ka da akanta, irin su Greenback da Taxes for Expats, inda za ka ɗora takardunka wani ƙwararre ya yi aikin. H&R Block tana da sashen mazauna ƙetare mai ba da zaɓi biyun. A 'yan shekarun nan manhajojin galibi suna farawa tsakanin dala 100 da 200, na akanta kuwa sukan fara daga wajen dala 400 zuwa 500, sannan kowane ƙarin fom da kuɗinsa. Farashin da ke fuskar shafi na mai albashi ɗaya ne da asusun banki ɗaya ko biyu. Wanda ya wuce haka ya nemi jimillar kuɗin a rubuce kafin ya ɗora takarda ko ɗaya.

Babban aikin da ake biyan waɗannan kamfanoni dominsa shi ne zaɓi tsakanin hanyoyi biyu na kauce wa biyan haraji sau biyu. Ta farko ita ce fom 2555, wanda ke cire albashin da aka samu a ƙetare daga lissafi har zuwa wani adadi: dala 126,500 a shekarar 2024, dala 130,000 a 2025. Ta biyu ita ce fom 1116, wanda ke rage maka harajin Amurka da adadin abin da ka riga ka biya ƙasar da kake zaune. Mai albashin dala 90,000 a Dubai, inda ba a cire harajin albashi, ba shi da abin da zai nuna ya biya, don haka 2555 ce mafitarsa, kuma da ita harajinsa na tarayya kan albashin zai koma sifiri. Mai irin wannan albashi a Jamus ko Faransa kuwa ya riga ya biya fiye da abin da Amurka za ta nema. Idan ya bi 1116, harajinsa zai share, ragowar kuma a ajiye masa, ya iya amfani da ita har shekara 10 gaba ko ya mayar da ita shekara ɗaya baya.

A nan ake gane manhaja mai kyau da ta jeka-na-yi-ka. Wadda aka gina don mazauna ƙetare takan gwada hanyoyin biyu ta nuna sakamakon kowace. Hakan yana da muhimmanci saboda 2555 tana da illar da ba a gani nan take. Wanda ya yi amfani da ita ba zai karɓi tallafin yara da ake mayarwa a hannu ba, wanda ya kai dala 1,700 kan kowane yaro mai lambar shaida ta Social Security a 2024. Iyali mai yara uku a Jamus da suka zaɓi 2555 don ta fi sauƙin cikewa za su iya yin asarar sama da dala 5,000 a shekara ba tare da sun sani ba. Albashin da aka cire ta 2555 kuma ba a iya dogara da shi wajen zuba kuɗi a asusun ritaya na IRA. Sannan wanda ya fara da 2555 ya janye daga baya, ba zai koma mata ba sai bayan shekara 5, in ba da izinin IRS ba. Duk kamfanin da bai yi maka wannan bayani ba kafin ka sa hannu, ya rage maka aiki.

Ita 2555 ɗin ma ba kowane kuɗi take rufewa ba. Ladan aiki kaɗai take cirewa. Fansho, kuɗin haya na gidan da ka bari a Amurka, ribar hannun jari, duk suna nan a lissafi, kuma ana yi musu haraji a matakin da za su faɗa da ba a cire albashin ba. Mai ritaya da ya koma Portugal yana tunanin dala 130,000 ɗin ta shafe shi, bai karanta da kyau ba.

Sharaɗin kwanaki shi ne wurin da sababbin tafiya suka fi tuntuɓe. Ana buƙatar cikakkun kwanaki 330 a ƙasar waje cikin watanni 12 a jere. Cikakken kwana yana nufin daga tsakar dare zuwa tsakar dare. Ranar tashi daga Amurka da ranar komawa ba sa shiga, haka lokacin da aka shafe a kan tekun da ba na kowace ƙasa ba. Abin da ya rage maka na ziyarar gida kwana 35 ne. Bikin aure ɗaya da jinyar mahaifiya sun isa su cinye shi. Watanni 12 ɗin ba lallai su fara daga Janairu ba: wanda ya koma ranar 1 ga Yuli 2025 zai cika sharaɗin a 2026, kuma rabonsa na 2025 zai kai wajen dala 65,500, gwargwadon kwanakin da suka faɗa cikin shekarar. Akwai fom 2350 na neman ƙarin lokaci don a jira kwanakin su cika. Manhajoji suna da ƙwazo wajen wannan lissafi, domin aikin ƙidaya ne, amma abin da ka shigar shi za su ƙirga. Ka ajiye tikitin jirgi da hoton tambarin fasfo na kowace tafiya. Wanda ya zauna daram a ƙasa ɗaya na cikakkiyar shekarar haraji yana iya bin ɗaya sharaɗin, na tabbataccen mazauni, wanda ba ya ƙirga kwanaki haka.

Sai rahoton asusun banki, FBAR, wanda ba IRS ake aika wa ba, hukumar FinCEN ce ta ma'aikatar kuɗi, a fom 114. Idan jimillar kuɗin da ke duk asusunka na ƙetare ta wuce dala 10,000 ko da rana ɗaya ce a shekara, ya wajaba. Asusu uku masu dala 4,000 kowanne sun kai. Asusun haɗin gwiwa da matarka ya shiga, haka asusun kamfanin da kake da ikon sa hannu a kai ko da kuɗin ba naka ba ne. Ba a biyan haraji a kansa, rahoto ne kawai, amma tarar rashin aikawa ko da ba da gangan ba tana iya kaiwa dala 10,000, adadin da ake ƙarawa gwargwadon hauhawar farashi. A 2023 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Bittner cewa tarar kan kowane rahoto ce, ba kan kowane asusu ba, wanda ya rage nauyin sosai. TurboTax, da yawancin mazauna Amurka suka saba da ita, tana da 2555 da 1116 amma ba ta aika FBAR, shi ya sa masu ci gaba da amfani da ita bayan ƙaura suke mantawa da shi. Wasu kamfanonin ƙetare sun haɗa shi cikin farashi, wasu suna cajin daban. In an caje ka da tsada, ka sani ana cike shi kyauta a shafin FinCEN na BSA E-Filing, kuma ba ya ɗaukar lokaci idan kana da adadi mafi yawa da ya taɓa kasancewa a kowane asusu cikin shekarar da farashin canji na ranar 31 ga Disamba da ma'aikatar kuɗi ke fitarwa. Fom 8938 na bayyana kadarorin kuɗi na ƙetare, ƙarƙashin dokar FATCA ta 2010, daban yake, yana tafiya da 1040, kuma ga wanda ke zaune a waje shi kaɗai yana farawa daga dala 200,000 a ƙarshen shekara ko 300,000 a kowane lokaci.

Zuwa nan manhaja ta isa, kuma mai albashi ɗaya da ya biya akanta dala 500 kan wannan aiki ya biya kuɗin kwanciyar hankali ne kawai. Matsalar tana farawa ne daga masu aikin kansu. Fom 2555 ba ya taɓa harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 cikin ɗari, wato gudummawar fansho da inshorar lafiya ta Amurka, wanda ke hawa daga ribar dala 400. Mai rubuta manhaja da ya ci ribar dala 60,000 yana zaune a Dubai ko Thailand zai biya kusan dala 8,500, duk da cewa harajin kuɗin shigarsa sifiri ne. Abin da ke cire wannan nauyi shi ne yarjejeniyar fansho tsakanin Amurka da ƙasar, kuma ƙasashe kusan 30 ne ke da ita, ciki har da Jamus, Birtaniya, Faransa, Sifaniya, Portugal, Kanada da Japan. A can ma sai ka samo takardar shaidar cewa kana biya a tsarin ƙasar. Wannan lissafi kaɗai yana iya sauya amsar ko ƙaura zuwa wata ƙasa za ta yi riba.

Zuba jari ya fi wannan haɗari. Bankin ƙasar da ka sauka zai tallata maka asusun jarin haɗaka na gida, ko waɗanda aka yi wa rajista a Ireland ko Luxembourg. A idon IRS waɗannan PFIC ne, wato kamfanonin jari na ƙetare masu ƙa'idar haraji ta musamman: kowanne yana buƙatar fom 8621 nasa, kuma ribar tana iya fuskantar haraji a mataki mafi girma tare da kuɗin ruwa na shekarun baya. Asusun ISA na Birtaniya da TFSA na Kanada ba su da haraji a ƙasashensu, amma Amurka ba ta san da wannan rangwame ba. A ɗaya ɓangaren, dokokin Tarayyar Turai suna hana ƙaramin mai jari da ke zaune a can sayen yawancin irin waɗannan asusu na Amurka. An gudu ba a tsira ba ke nan. Wanda ya buɗe kamfani a ƙetare yana da fom 5471, mai tarar dala 10,000 kan kowace shekarar da bai aika ba. Wanda surukinsa ɗan ƙasar ya yi wa kyautar da ta wuce dala 100,000 yana da fom 3520. Sayar da gida ma haka: Amurka tana yafe ribar dala 250,000 ne kawai ga mutum ɗaya, ko da ƙasar da gidan yake ba ta karɓi komai ba. Boris Johnson, wanda aka haifa a New York, ya gamu da wannan bayan ya sayar da gidansa na Landan, kafin ya ajiye ɗan ƙasancin Amurka a 2016. A duk waɗannan, manhaja tana dogara ne da ka gane tambayar da ta yi maka. Wanda bai san asusunsa PFIC ba ne zai danna "a'a" da zuciya ɗaya. A ganina, duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya nemi mutum, kuma ya tambayi shaidarsa: akanta mai lasisi ne, wato CPA, ko wakilin da IRS ta yi wa rajista, kuma shi ne zai sa hannu a fom ɗin da lambarsa ta mai cike haraji, wato PTIN, ko wani ne daban.

Ga wanda ya shekara da shekaru bai cike ba don bai sani ba, kusan duk kamfanonin suna sayar da kunshin shirin sassauci na IRS: fom ɗin haraji na shekara 3, FBAR na shekara 6, da fom 14653 inda za ka rubuta dalilin da ya sa rashin aikawar ba da gangan ba ne. Mazaunin ƙetare da ya cika sharuɗɗa ba ya biyan tara, sai harajin da ake bin sa da kuɗin ruwa. Wannan kunshi ya cancanci kuɗinsa, amma bayanin da ke cikin 14653 rantsuwa ce, kada ka yarda a cike maka shi da jumlolin da ake liƙa wa kowa. Kuma ƙofar tana rufewa da zarar IRS ta fara bincikenka.

Akwai abubuwan da ba sa cikin kunshin yau da kullum na kowannensu. Harajin ƙasar da kake zaune naka ne ka nemi wanda zai yi, kuma shi ya kamata a fara gamawa tunda da shi ake cike 1116. Harajin jiha ma ana biyansa daban: California, Virginia, South Carolina da New Mexico sun yi suna wajen ci gaba da ɗaukar mutum a matsayin mazauninsu idan ya bar lasisin tuƙi, rajistar zaɓe ko gida a can, kuma California ba ta amince da cirewar 2555 ba. Wannan gyara kafin tashi ake yinsa. Ba kuma za su gaya maka cewa Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, kusan ba ya biyan jinya a wajen Amurka ba, ko cewa wasu bankunan ƙetare suna ƙin buɗe wa Amurkawa asusu don gudun wahalar rahoton FATCA.

Shawarar da ta fi riba ita ce a sayi awa ɗaya ta tuntuɓa daga kamfani mai akanta tun kafin a yanki tikiti, a kai masa albashin da ake sa rai, ƙasar, jihar da za a baro da jerin jarin da ake da shi, ya fitar da adadin da zai rage a hannu bayan ƙasashen biyu sun ɗauki nasu. Bayan shekarar farko, idan al'amura ba su sauya ba, ana iya komawa manhaja ana duba fom ɗin bara. Mazaunin ƙetare yana da ƙarin wata biyu kai tsaye, zuwa 15 ga Yuni, kuma fom 4868 yana kai shi 15 ga Oktoba, ranar da wa'adin FBAR ma yake ƙarewa. Ƙarin lokacin na aika takarda ne: kuɗin ruwa kan duk abin da ake bin ka yana fara hawa daga 15 ga Afrilu.