Kafin ku sayi kayan korar tsuntsaye a filin jirgi

Duk wanda aka ɗora wa alhakin sayo kayan korar tsuntsaye a filin jirgin sama, shawarata ya ajiye takardun 'yan kwangila tukuna, ya hau mota da asubahi ya zagaya gefen titin jirgi. Na shafe shekaru ina wannan zagaye. Ruwa ba ya tsami banza: abinci, ko ruwan sha, ko wurin kwana, ɗaya daga cikinsu ne ke kawo tsuntsu.

Abin ba na wasa ba ne. Ranar 15 ga Janairun 2009 garken dinya ya kashe injuna biyu na jirgin US Airways jim kaɗan da tashinsa daga LaGuardia a Amurka, matuƙin ya sauke shi kan kogin Hudson, Allah ya kuɓutar da duka mutum 155. Hatsarin jirgin Boston a 1960 kuwa, ƙananan tsuntsaye ne masu ɗimbin yawa suka jawo shi, mutum 62 suka rasu. Galibin karon jirgi da tsuntsu ƙasa-ƙasa yake faruwa, wajen tashi da sauka, wato inda hannunmu ke iya kaiwa.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya, tarakta mai lafiya da injin yankan ciyawa zan saya, sauran kuɗin in zuba wa magudanan ruwa. Na san ba abin da za a kira manyan baƙi su zo gani ba ne. Amma shi kaɗai ne ke aiki dare da rana ba tare da tsuntsu ya saba da shi ba. A Ingila sun daɗe suna barin ciyawa ta kai tsayin santimita 15 zuwa 20, domin tsuntsayen da ke sauka garke-garke sun fi son fili ƙwal inda za su hango abokin gaba, kuma doguwar ciyawa tana ɓoye musu tana da ƙwari. Sai dai kar a kwafo wannan awo ido rufe. A wani filin, ciyawar na yin tsawo sai fara da ɓeraye su cika ta, shirwa da shaho su biyo baya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa injin da za ku saya lallai ya zama mai ɗagawa da saukar da wuƙa, kuma mai kwashe abin da ya yanka. Kar a bar ciyawa ta yi iri. Yankan ma a yi shi da dare ko lokacin da jirage suka yi sauƙi, don na sha ganin balbela jere bayan tarakta, fari fat, tana tsintar abin da wuƙa ta taso, ga jirgi na shirin sauka. Kududdufi kuwa, ko faɗin tabarma ne, a cike shi. Juji da kwata na waje su ma naku ne: hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga fili. Jirgin kamfanin Ural da ya yi karo da tsuntsaye ya sauka cikin gona kusa da Mosko a 2019, akwai juji a kewayen filin da ya tashi.

Bayan wannan sai mutum: ma'aikaci horarre cikin motar sintiri, da bindigar tartsatsi, da littafin da yake rubuta wane tsuntsu, nawa, ƙarfe nawa, a wane gefe. Tartsatsin na tasiri ne saboda ba a san sa'ar zuwansa ba.

Igwar gas mai tashi da agogo, kwana kaɗan ne, na ga hankaka zaune a kanta. Mujiyar roba ɓarnar kuɗi ce. Lesa, wato fitila mai harba siririn haske mai ƙarfi, tana aiki da duku-duku da magariba, da rana tsaka sai a hankali, ga haɗarin hasko idon matuƙi. Shahon farauta ba ya tashi da dare ko cikin ruwa da iska. Karen kiwo horarre ya yi suna a filin jirgin Fort Myers na Amurka tun 1999, amma dinya da makamantanta yake kora, ba ruwansa da mai shawagi a sama. Rada kuwa gani take yi, ba ta kora. Filin King Shaka na Afirka ta Kudu ya kafa ta domin bibiyar tsattsewar da ke kwana kusa da shi, kuma ta dace da su. Wanda magudanarsa ke toshe bai kai nan ba tukuna.

Inda aka yi mana ungulu da kan zabo shi ne na'urar da ake cewa tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, tsuntsu ne kawai ke ji. Ni na sa hannu aka saya, kuma har yau abin na ci mini rai. Mun kafa su a turaku, fitilarsu na ƙyaftawa, wata biyu lissafin littafinmu bai motsa ba, har kurciya ta yi sheƙa a gindin ɗaya. Daga baya na gane cewa jin tsuntsu bai ma kai namu nisa ba ta wajen siririn sauti. Abin da ya wuce kunnenka ya wuce nasa. Duk wanda ya kawo muku irinta, ku sallame shi tun daga ƙofa.

Akwai masu sayar da lasifika mai kukan tsuntsu a cikin wahala. Dabarar gaskiya ce, amma kowane jinsi kukan ɗan'uwansa yake amsawa. Ku nemi sunayen jinsunan da aka naɗa, ku gwada da littafinku, in babu naku a ciki kun sayi hayaniya. Harsashin tartsatsi ku duba ranar ƙarewar wa'adinsa da yadda aka adana shi, wanda ya sha danshi yakan ƙi tashi ko ya fashe a bakin bindiga, ga tsoron gobara a busasshiyar ciyawa. Lesa marar takardar da ke nuna ƙarfinta kar ta shigo fili. Haka mai cewa na'urarsa ta raba wani fili da tsuntsu har abada: ku karɓi sunan filin, ku kira ma'aikatan sintirinsa da kanku, ba ofishin da ya ba da kwangila ba. Hoton bidiyo na ranar farko ba hujja ba ne, ranar farko ko tafi ka yi tsuntsu zai tashi.

Sharaɗin da nake sawa yanzu a kowace yarjejeniya shi ne gwajin mako shida kafin biya. Muna ƙirga tsuntsaye a wuri guda, a sa'a guda, kafin kafawa da bayanta, kuma lissafin mako na shida muke dubawa. In an yi karo a tsakani, gashin da jinin da suka manne a jikin jirgi a sa su a leda mai tsabta a aika wa masana, a san ko wane tsuntsu ne kafin a sake fitar da ko sisi.