Wata takwas ina amfani da layin Kato Unitrack M1, ga abin da na gani

Jama'a tun da na saka hoton ɗan jirgin ƙasan nan da ke kan teburina ake ta tambayata a ina na samu, nawa ne, yana da ƙarko kuwa, shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayani sau ɗaya kowa ya ƙaru.

Abin da na saya sunansa Kato Unitrack M1, na kamfanin Kato ne na ƙasar Japan, sun daɗe a harkar nan tun 1965 suke ƙera ƙananan jirage na ma'aunin da ake kira N. A ma'aunin N faɗin da ke tsakanin ƙarafan layin milimita 9 ne kacal, ko faɗin ɗan yatsa bai kai ba. A kwalin akwai layin kwana guda 8 waɗanda in ka haɗa su suke ba ka cikakken zagaye, da miƙaƙƙun layuka, da guntun layin da wayar wuta ke shiga, da akwatin tuƙi mai maɓallin gudu da na gaba da baya, sai wani ɗan faranti na roba da ake zuro jirgin ta kansa ya hau layi daidai. To a kula fa, BABU JIRGI A CIKI. Mutane da yawa suna ganin hoton kwalin su ɗauka har da jirgi, a'a, kan jirgi da taragai daban ake saye. Ni na haɗa da kan jirgi na dizal samfurin DE10, ja, da taragan kwantena guda huɗu.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗin layin. Kowane guntu yana da wani ɗan maɗauri a bakinsa, kana turawa za ka ji ya ce ƙas, shi ke nan ya kama, wuta ta wuce, ba ƙusa ba gam ba walda. Ranar farko a kan tayil ɗin falo na shimfiɗa, ko minti goma ban yi ba jirgi ya fara zagaye, ɗana ya kwanta rub da ciki ya kafa kumatunsa a ƙasa wai yana so ya ga fitilar jirgin tana tahowa ta kwana. Duka zagayen tsawonsa wajen santimita 134 ne faɗi kuma 68, don haka kafinta ya yanko min falanki ɗaya ya sa masa ƙafafu, yana ta tambayata "Alhaji wai duk wannan aikin na wasan yara ne?" sai da na kunna masa ya tsaya ya fi minti ashirin yana kallo bai ce uffan ba.

Wani abu da ban sani ba sai da na shiga harkar, yawancin layukan dogo na Japan in ka cire na jirgin nan mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen faɗinsu milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layinmu na Legas zuwa Kano. Da yake bai kai faɗin na Amurka da yawancin Turai ba, shi ya sa yawancin jiragen Japan na N ake yin su ɗaya bisa 150 na girman jirgin gaske, na Amurka da yawancin Turai kuma ɗaya bisa 160. Da na faɗa wa Baba haka, shi da ya tashi kusa da tashar reluwe ta Zariya, sai ya ɗauki kan jirgin ya jujjuya a tafin hannunsa ya fara ba ni labarin yadda suke jin kukan jirgi da asuba.

Yanzu ga inda aikin yake, ƙura. Wallahi duk wanda zai yi wannan sha'awa a arewa ya shirya wa hunturu. Jirgin ta ƙafafunsa yake shan wuta daga ƙarfen layin, wutar kuma ba ta wuce bolt 12 ba, to ƙura kaɗan ta kwanta sai ka ga fitila tana ƙifce-ƙifce jirgi yana tafiya yana tsayawa kamar mai shaƙuwa. A watan Janairu na ɗauka injin ne ya lalace hankalina ya tashi sosai, ashe datti ne kawai. Na samu farin tsumma na ɗiga masa irin sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke inji da shi na bi layin da yatsa, sai ga baƙaƙen layuka biyu sun fito a jikin tsumman kamar an ja da fensir. Ƙafafun jirgin kuma da audugar goge kunne nake bi ɗaya bayan ɗaya. Don Allah kar wanda ya sa sanfefa, tana karce ƙarfen ne datti ya ƙara samun wurin maƙalewa. Man da ake ɗiga wa injin ma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, in ya yi yawa shi ke jawo ƙurar. Yanzu da na gama wasa nake lulluɓe teburin da tsohon zani, a nan ne kuma na ƙara yaba wa layin, don sau biyu ina kwance shi gaba ɗaya in goge in mayar kuma har yau maɗauran ba su saki ba.

Batun wuta, ta Japan bolt 100 ce tamu 230, a karanta abin da ke rubuce a jikin adafta kafin a soka a soket, in 100 kaɗai ya nuna sai an haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta. Ni ta inbata nake ba shi, ba na yarda in haɗa shi da janareto.

Abin da bai min ba, tsakuwar da ke ƙasan layin ta roba ce kuma ta cika tsafta, ba ta yi kama da layin da ya sha rana da baƙin mai ba, sai da na bi gefenta da ruwan fenti mai launin ƙasa sannan idona ya kwanta. A kan falanki kuma yana da ƙara, na shimfiɗa siririn soso a ƙasa ta ragu. Sannan kwanar da aka yi ita za ka bi, ba ka da ikon lanƙwasa layi yadda ranka ke so irin na kamfanin Peco na Ingila, wanda ƙwararru suka fi so amma sai ka iya yanka da walda. Kuɗin kawowa ma ya ci ni, wanda ya yi min jigila ya riƙe kayan kusan wata biyu, abin da na biya shi ya kusa kamo kuɗin kayan.

Duk da haka in ka tambaye ni zan ce ka saya, musamman in ɗakinka ƙarami ne ko haya kake, ka kwance ka zuba a kwali ka tashi. Ni dai yanzu ina tara kuɗin saitin V1 mai mararrabar layi don jirage biyu su riƙa kauce wa juna, na ma fara yanka kwali zan yi tasha mai rufin kwano irin wadda Baba ya kwatanta min.