Kwafin bangon tsofaffin mujallun Amurka da na saya: na Paul ya yi, na Brundage bai yi ba

Watanni biyu ke nan da na yi odar kwafin bangon tsofaffin mujallun ƙagaggun labarai na Amurka guda shida daga wani shagon intanet, huɗu na Amazing Stories, biyu na Weird Tales. Sun iso a naɗe cikin kwali mai kauri, ɗaya ne kawai ya ɗan lanƙwashe a gefe.

Na Amazing Stories duk aikin Frank R. Paul ne, wanda Hugo Gernsback, mai mujallar, ya damƙa wa zanen bangon mujallar tun fitowarta ta farko a Afrilun 1926. Paul ya karanci zanen gine-gine, kuma hannunsa bai ɓoye hakan ba, domin injunansa tsaf suke, kowace ƙusa a mazauninta, ko da yake mutanensa a sandare suke kamar gumaka. Launukansa masu ƙarfi ne, an yi su ne don su fizgi idon mai wucewa ta gaban mai sayar da jarida, saboda haka takarda mai sheƙi da shagon ya yi amfani da ita ta karɓe su. Bangon Agustan 1927, mai injunan duniyar Mars masu ƙafa uku, ya fito raɗau.

Inda gizo ke saƙar shi ne biyun Weird Tales, aikin Margaret Brundage. Ita da allin launi mai laushi take zane a Chicago a shekarun 1930, ana biyan ta dala 90 kan kowane bango, kuma kyan aikinta yana cikin yadda launi ke narkewa cikin ɗan'uwansa kamar hayaƙi. Allin nan ba ya jure tafiya, abin da ya sa aikinta ya ja baya bayan mujallar ta koma New York a 1938. Shagon ya ƙara wa launin kaifi har fatar mutanen ta koma kamar an shafa musu manja, laushin ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an yanke ƙasan ɗaya daga ciki, sa hannunta na "M. Brundage" ya tafi, alhali wannan harafi guda ne ya sa masu karatu da farko ba su san mace ce mai zanen ba.

Na rataye na Paul huɗun a ɗakin karatuna. Na Brundage suna cikin kwalinsu, na kuma rubuta wa shagon ina tambaya ko suna bugawa a takarda marar sheƙi, amma har yau shiru.