Damme: jirgin ruwa daga Bruges da injin niƙa mai aiki da iska

Duk wanda ya je Bruges a ƙasar Beljiyam, cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya ishe shi, shawarata ya ware rabin yini ya leƙa garin Damme. Tsakaninsu bai wuce kilomita 7 ba. Mu jirgin ruwan nan Lamme Goedzak muka hau, wanda ke bin Damse Vaart, hanyar ruwan da Napoleon, sarkin Faransa, ya sa aka fara haƙawa a farkon ƙarni na 19, ya zuba fursunonin yaƙi 'yan Sifaniya a aikin. Tafiyar kamar minti 35 ce, kuma a ganina ita ta fi komai daɗi a wannan fita. Ruwan miƙe yake samɓal, dogayen bishiyoyi sun jeru hagu da dama, duk sun ɗan karkata gefe guda saboda iskar da ke kaɗowa daga teku. Ku hau saman jirgin, amma da rigar sanyi a hannu ko da lokacin zafinsu ne.

Kafin a sauka za a hango injin niƙan Schellemolen, farar hasumiya mai fukafukai huɗu a bakin ruwa, ginin 1867. Ranar Lahadi muka je, muka tarar a buɗe, iska kuma ta yi mana gata. Daga waje abin ado ne kawai na ɗaukar hoto, sai an shiga ake gane aiki ne na gaske. Fukafukan na juya wani ƙaton gungume, shi kuma ya juya gargare masu haƙoran katako, har ƙarfin ya kai ga duwatsun niƙa. Babu ihun nan na injin markaɗen unguwa, sai ƙarar katako da wata 'yar girgiza da kake ji a tafin ƙafa. Abin da ya fi burge ni shi ne kan hasumiyar gaba ɗaya juya shi ake yi ya fuskanci inda iska ta fito. Matattakalar dai a tsaye take ƙyam, mai ciwon gwiwa ya haƙura da ƙasa, mai babbar riga kuma ya tattare ta.

Garin kansa ɗan mitsitsi ne, cikin awa guda ka zagaye shi. Da wuya mutum ya yarda nan ce tashar jiragen ruwan Bruges a da, inda ake sauke kifi da giya, kafin yashi ya toshe mashigin Zwin da ke haɗa garin da teku, kasuwa ta watse. A nan aka ɗaura auren Charles, mai mulkin Burgundy, da Margaret ta York, 'yar'uwar sarkin Ingila, a 1468. Yanzu sai gidan hukumar gari na ƙarni na 15, da mutum-mutumin marubucin waƙoƙi Jacob van Maerlant a gabansa, da shagunan tsofaffin littattafai, yawancinsu da Holanci.

Inda aka ɓata min rai wajen abinci ne. Gidan da muka shiga tsada kamar me, jira ya yi yawa, kuma kusan duk abin da ke takardar abincin ko naman alade ne ko an dafa shi da giya. Da miyar kayan lambu da burodi na tsira. Ku yi guzuri daga Bruges, ku kuma tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kuna sauka, in ba haka ba sai dai a taka a ƙafa ta bakin ruwa.