Lesin Lissafi a Yelwa: Yadda Na Ga Ana Koyar da y = mx + c

Wata uku ke nan da na sa 'yata, wadda take aji biyu na babbar sakandare, a wani wurin lesin na yamma a unguwar Yelwa, ba nisa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi. Lissafi ne ya kai mu, domin ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar a jarrabawa irin su WAEC ko NECO, kuma dole Turanci ya kasance a ciki, haka ma Lissafi a fannoni da dama.

Wata rana bayan la'asar na nemi izini na zauna a bencin baya, na tarar malam yana kan y = mx + c, wato ƙa'idar miƙaƙƙen layi. Da hayar kujerun biki ya fara. Ya ce mai kujeru ya karɓi naira 3,000 a kan kujera 10, ya kuma karɓi naira 5,000 a kan kujera 30, to nawa ne kuɗin kujera ɗaya? Yara suka raba bambancin kuɗin, 2,000, da bambancin kujerun, 20, suka sami 100. Malam ya ce wannan ita ce m, gangarar layi, abin da ke ƙaruwa duk sanda aka ƙara kujera guda. Da suka cire 1,000, wato kuɗin kujera 10, daga 3,000 sai 2,000 ta rage, kuɗin dakon da za a biya ko kujera nawa aka ɗauka, kuma ita ce c, wurin da layin ya yanki sandar y, wato sandar tsaye ta giraf. Sai bayan nan ya rubuta y = 100x + 2000, inda x ke nufin yawan kujeru, y kuma jimillar kuɗi, ya sa kowa ya fito da takardar giraf da rula ya zana. Na yaba ƙwarai da wannan tsari, don 'yata ta daɗe tana haddace ƙa'idar ba tare da sanin abin da c ke nufi ba.

Inda ban gamsu ba shi ne saurin da ya yi a kan layin da ke gangarowa ƙasa, mai m da alamar ragi, alhali nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Bai kuma taɓo layin tsaye irin x = 4 ba, wanda ba ya rubutuwa da wannan siga. Ɗakin ma ya yi wa yaran kaɗan, har wasu kan cinyarsu suke zane.

Na faɗa wa malam haka bayan an tashi, ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai dawo kansu a mako mai zuwa. Na riga na biya kuɗin zango na gaba.