Antibairos na iyali: yana share ɗaki, ƙofar gida a buɗe

Kunshin antibairos ɗin nan na na'ura biyar, wanda aka rubuta wa "kariyar wayfai ta gida" da manyan baƙaƙe, bai ci sunansa ba. A kan kwamfuta ɗaya ba laifi. Amma in cutar ta riga ta shiga rauta, wato na'urar da ke raba wayfai a gida, kuɗinka ne kawai ya tafi.

Abin haushin shi ne, sai a yi cikakken sikan a laftof, antibairos ɗin ya kama manhajar talla ya killace, allo ya koma kore wai lafiya lau. Washegari burauza ta sake jan mutum zuwa shafin bogi, tana ta gargaɗin satifiket, wayoyin gidan ma haka, har da wadda ba a taɓa saka mata komai ba. Duk wanda ya san aikin ya san fassarar wannan: idan waya ta warke da zarar an kashe wayfai an koma data, ciwon ba a jikinta yake ba. An sauya adireshin DNS na rauta ne, wato saitin da ke nuna wa na'ura hanyar zuwa shafin da ta nema, kowa ya hau layin a karkatar da shi. Sashen "binciken gida" na manhajar ko leƙa wannan saitin bai yi ba. Sunayen na'urori kawai ya jero, ya sa wa kowace alamar kore, har da akwatin talabijin mai Android na araha, irin waɗanda aka sha samu da cutar tun daga kwali.

Kuma abin ba sabo ba ne balle a yi musu uzuri. Cutar Mirai ta 2016, mai kama rautoci da kyamarori, da kalmar sirrin kamfani take shiga ta Telnet, wata tsohuwar hanyar sarrafa na'ura daga nesa. In ka kashe ka kunna ta fita, in ba ka sauya kalmar ba ta dawo cikin mintuna. VPNFilter ta 2018 kuwa, wata cutar rauta, matakinta na farko ko kashewa da kunnawa ba ya fitar da shi.

Aikin da hannu ake yinsa. A cire kowace na'ura daga layin tukuna. A danne ɗan maɓallin da ke bayan rauta da allura kamar daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitilu su ɗauke, don ta koma saitin kamfani. A haɗa kwamfuta ɗaya mai tsafta da kebul, a shiga shafin saitin rauta ta burauza a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a sabunta manhajar rautar, a sauya kalmar sirrin admin da ta wayfai duka biyu, a kashe UPnP (mai buɗe wa na'urori ƙofa da kansa) da WPS (haɗawa da wayfai ba tare da rubuta kalmar sirri ba) da sarrafawa daga nesa. Sannan a dawo da na'urori ɗaya bayan ɗaya. Mai gaggawar da ya haɗa su gaba ɗaya ba zai taɓa gane wadda ke sake yaɗawa ba. Talabijin da kyamarori a tura su layin baƙi, wato wayfai na daban da rauta ke ware wa baƙi. Tsohuwar Windows kuma a rufe mata SMBv1, tsohuwar hanyar raba fayiloli, ta nan cutar WannaCry ta bi a 2017.

Gaskiya a faɗa, a kan filas ya burge ni. Bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi, tun kafin a buɗe filas ɗin antibairos ɗin ya cafke shi, ya kuma tono aikin da bairos ɗin ya dasa a Task Scheduler, sashen Windows mai kunna ayyuka da kansa, don ya riƙa farfaɗowa. Don wannan kaɗai har na so in ba shi tauraro uku.

Sai dai a daidai lokacin da rauta ke hannun ɓarayi, saƙon da antibairos ɗin yake ta cillowa a kusurwar allo na tallan VPN ɗinsu ne, wai a ƙara kuɗi. Kuma sabunta rajista ta atomatik a kunne take zuwa, sai ka tona cikin saiti kafin ka kashe ta. Tauraro biyu.